Bel da Bariyeta: A Fara Maido wa Babur Abin da Ya Rasa Kafin a Nema Masa Ƙari

A gefen hagu na kusan kowane babur ɗin sikuta mai otomatik akwai wani dogon murfi da ya miƙe daga injin har zuwa tayar baya. Yawancin masu hawa ba sa sanin abin da ke cikinsa sai ranar da babur ya mace musu a tsakiyar titi, injin yana ta ruri, taya kuwa ko motsi. A ƙarƙashin wannan murfi giyar babur take, sai dai ba irin wadda ake takawa da ƙafa ba ce. Bel ne na roba guda ɗaya, da fuli biyu, da wasu 'yan rololi shida waɗanda kowannensu bai wuce gaɓar yatsa ba. A kan waɗannan 'yan kaya aka kafa babbar kasuwa, tun daga Italiya har Taiwan da Indunusiya, wadda ke yi wa mai babur alkawarin cewa in ya sayi sabuwar bariyeta da sifirin mai launi, babur ɗinsa zai koma wani abu dabam. Matsayata a nan ita ce, babu abu ko ɗaya a cikin wannan akwati da ke haifar da ƙarfi. Injin ne ke haifarwa, bel da fuli rabo kawai suke yi. Saboda haka mafi yawan abin da mutane ke kira ƙarin gudu, ƙarfi ne da babur ya zo da shi daga kamfani, sakaci ya cinye, sabon kaya ya dawo da shi.

Ya kamata a raba wannan babur da wanda ake kira roba-roba a garuruwan Arewa, domin shi roba-roba yana da giya ta ƙafa da sarƙa, kuloci ne kawai ba a matsa masa da hannu. Sikuta mai bel kuwa ba ta da giya ta ɗaya ko ta biyu, ana murɗa totur ne kawai ta tafi. Dabarar ba sabuwa ba ce. John Gates ya ƙera bel mai gefe a karkace a birnin Denba na Amurka a 1917, kamfanin Salsbury na Kalifoniya ya sa tsarin fuli mai buɗewa da tsukewa a sikutarsa a ƙarshen shekarun 1930, sannan Hub van Doorne ya sa shi a ƙaramar motar DAF 600 a ƙasar Holan a 1958. Waɗanda suka san ƙananan baburan Faransa irin Mobylette da Peugeot 103, da suka cika garuruwan Afirka ta Yamma masu amfani da Faransanci, sun riga sun ga ɗan'uwan wannan tsari a wasu nau'o'insu. Ita kanta Vespa, wadda ta yi suna tun 1946 da giyar da ake murɗawa a hannun hagu, ta rungumi bel sosai da fitowar ET4 a 1996. A Indiya Honda Activa ta fito a 2001 ta sauya kasuwa, a Indunusiya kuwa an sayar da babura fiye da miliyan 6 a 2023, kusan tara cikin kowane goma masu otomatik ne.

Wanda ya taɓa tsayawa a gaban injin niƙa ya riga ya fahimci rabin maganar: ƙaramin fuli yana jan babba, sai a sami ƙarfi ba gudu, babba yana jan ƙarami, sai a sami gudu ba ƙarfi. Hikimar sikuta ita ce fulinta biyu kowanne faranti biyu ne masu gangara suna fuskantar juna, bel yana kwance a tsakaninsu. In faranti biyun suka matso kusa, sai su tura bel waje, fulin ya zama babba. In suka ja baya, bel ya nutse ciki, fulin ya zama ƙarami. Na gaba, wanda ke ɗaure a kan sandar injin, shi ne bariyeta. A bayan farantinsa mai motsi akwai ramuka masu gangara inda rololi ke zaune. Da injin ya ƙara juyawa, sai juyin ya wurga rololin waje, kamar yadda dutse ke jan igiyar majajjawa, su hau gangarar su tura farantin ya matse bel. Fulin baya kuwa babban sifirin ne ke riƙe da shi a tsuke, kuma yana da wasu ramuka a karkace da ke sa ya ƙara tsukewa in taya ta ji nauyi, kamar a hawan tudu. A jikinsa kuloci yake, mai takalma uku da ƙananan sifirin, wanda ba ya kama kwanonsa sai juyi ya kai wani mataki, abin da ya sa sikuta ke tsayawa a danja injin na aiki ba ta motsa ba, kuma ba a iya tayar da ita da turi. Duk tafiyar babur, ke nan, kokawa ce tsakanin nauyin rololi a gaba da taurin sifirin a baya. Injiniyoyin kamfani sun daidaita kokawar ne yadda injin zai tsaya a kusa da juyin da ya fi ba da ƙarfi, gudun taya yana ta hawa shi yana nan inda yake.

Wannan daidaito da milimita ake auna shi, kuma a nan ne hujjata ta fi ƙarfi. A ɗauki injin GY6, wanda asalin zanensa na Honda ne, kamfanin Kymco na Taiwan ya ƙera shi, masana'antun Sin suka kwaikwaya suka baza a duniya. A bayan bel ɗin injin mai girman cc 125 ko 150 za a ga lambobi irin 842-20-30 ko 743-20-30: tsawo da milimita, faɗi da milimita, sai kusurwar gefe. Shi wannan bel da gefensa yake kamawa ba da cikinsa ba, don haka ta gefe yake cinyewa. Lissafin kusurwar digiri 30 ya nuna cewa duk milimita 1 da bel ya rasa a faɗi, zai nutse kusan milimita 2 a cikin fuli. A fulin gaba da bel ke hawa zuwa kimanin milimita 50 daga tsakiya, wannan ya kusan kashi 4 cikin 100 na giyar ƙarshe da ta salwanta. Injin yana kuka fiye da da, mai yana ƙonewa fiye da da, allurar gudu kuwa ta ƙi kaiwa inda ta saba. Shi ya sa littattafan gyara na irin waɗannan babura ke cewa a jefar da bel in ya rage kimanin milimita 1 daga faɗinsa na asali, ko da ido bai ga tsaga ba. Mai babur ba ya lura, domin asarar tana zuwa ne kaɗan-kaɗan cikin watanni, jiki ya saba da ita.

Haka su ma rololi. Na GY6 mai 125 da 150 girmansu milimita 18 da 14 ne, na mai 50 kuwa 16 da 13, ƙarfe ne a ciki da rigar roba mai tauri a waje. Da tafiya ta yi nisa sai gefe ɗaya ya baje, su daina mirginawa su koma ja da ciki, sai babur ya riƙa fizga ko ya maƙale a wani gudu kamar an riƙe shi. Farantan fuli suna yin kwari a inda bel ya fi zama. Takalman kuloci suna yin sulɓi da ƙyalli, musamman ga mai al'adar riƙe babur da totur a kan tudu maimakon birki, sai a ji karkarwa a lokacin tashi, wadda makanikan Indunusiya suka san ta har suka laƙaba mata suna nata na kanta. Giris ɗin da ke cikin ramukan fulin baya yana bushewa, robar da ke tare baƙin mai a jikin sandar injin tana iya yoyo ta shafa wa bel. Kowanne daga cikin waɗannan yana satar abin da injin ya riga ya biya da mai. To, ga tambaya: mutumin da ya kai irin wannan babur aka cire masa tsohuwar bariyeta, aka sa sabuwa fil da sababbin rololi da sabon bel, aka wanke ƙurar shekara biyu, ya fito yana cewa kayan tsere sun yi aiki, da me ya gwada? Ya gwada sabon kaya ne da rubabben kaya. Gwajin gaskiya shi ne a gwada kayan tsere da sabon kayan kamfani, kuma mutane ƙalilan ne ke yin haka.

Wani zai ce wa'adin da kamfanoni ke sakawa dabarar sayar da kaya ce, domin ga babura can sun yi shekaru da bel ɗaya. Gaskiya ne akwai bel da ke wuce wa'adinsa. Honda ta sa kilomita 24,000 a matsayin wa'adin sauya bel ɗin PCX, Yamaha kuma ta sa alamar gargaɗi a allon wasu baburanta irin NMAX da XMAX don tunatar da mai hawa. Amma irin wannan adadi an ƙiyasta shi ne da matsakaicin hawa, kuma littattafan da kansu suna cewa a yawaita dubawa inda ƙura ta yi yawa. Akwatin bel ba a rufe yake ruf ba: fuka-fukan da ke jikin farantin gaba suna zuƙo iska daga waje don sanyaya roba, kuma duk abin da ke cikin iskar yana shiga tare da ita. Sikutar da ke yawo a Kano ko Yamai, cikin hazon hunturu da zafin Afrilu mai kaiwa digiri 40, ɗauke da mutum biyu, ba rayuwa ɗaya take yi da wadda ke zirga-zirga a Tokiyo ba. In akwai kuskure a wa'adin kamfani ga irin wannan ƙasa, to ya yi tsawo ne, ba gajarta ba. Sannan a auna abin da ake caca a kansa. Bel in ya tsinke, taya tana rabuwa da injin nan take, mai hawa ya rasa ja a daidai lokacin da wataƙila yake wuce babbar mota. Wani lokaci ma guntayensa kan naɗe su cije. Wannan ya fi ƙarfin a bar shi ga sa'a.

Akwai kuma maganar tsada, wadda ba zan raina ba, domin mai sikuta galibi ba mai yalwa ba ne. Bel na kamfanoni irin Bando da Mitsuboshi, waɗanda dukkansu 'yan birnin Kobe ne na Japan kuma su ke ƙera wa manyan kamfanonin babura, ko na Gates da Dayco, ya fi wanda ba shi da suna tsada sosai, ga kuma jabu da ke ɗauke da sunayensu. Amma bambancin ba a suna yake ba. Cikin bel akwai zaruruwa masu ɗaukar ja, da roba da aka haɗa don jure zafi, da haƙora da ke ba shi damar lanƙwasa a ƙaramin fuli. Wanda aka yi da arha yakan zo da faɗi ko tsawo da ya kauce wa lambar da aka rubuta masa, ya fara aiki tun ranar farko kamar tsohon bel. In ya fi tsawo kaɗan ko kusurwarsa ba daidai ba, sai ya riƙa zamewa, zamewa ta kawo zafi, zafi ya gasa roba. Araha ba ta ado, kuma a nan lissafin da ya dace shi ne kuɗin kowace kilomita, ba kuɗin da aka miƙa a kanti ba. Wanda bai da halin sayen bel mai kyau da kayan tsere a lokaci guda, to bel ɗin ne ya kamata ya saya.

Duk wannan ba yana nufin sauya kaya ƙarya ba ne. Yana aiki, amma musaya ce. Ƙarfin da ke wurga rola waje yana tafiya da nauyinta da kuma juyin injin ninki cikin ninki, don haka in aka rage nauyi da kashi 10 cikin 100, injin zai buƙaci ƙarin juyi na kimanin kashi 5 kafin ya tura faranti kamar da. Babur da ke jan gudu a juyi 6,500 a minti da rololi masu giram 13, in aka sa masa masu giram 12, zai koma wajen 6,750. In injin ya fi ba da ƙarfi a kusa da 7,000, to an matsar da shi kusa da inda yake so, tashi zai yi kyau, hawan tudu da kaya zai yi sauƙi. Kuɗin da aka biya shi ne ƙarin mai, ƙarin ƙara da ƙarin zafi. In aka zarce aka sa masu giram 9, injin zai wuce inda ƙarfinsa yake, ya yi ta ihu babu tafiya, kuma a nan ne kunne ke yaudarar mutane, domin ƙara tana kama da gudu. Masu nauyi kuwa suna sa babur shiga babbar giya da wuri, ya yi shiru, ya yi sanyin jiki a tashi. Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne zaton cewa rola mai nauyi tana ƙara ƙarshen gudu. Da zarar bel ya kai bakin fuli, giya ta ƙare, nauyin rola ba shi da sauran magana. Abin da ya rage shi ne ƙarfin injin da iskar da ke dukan ƙirjin mai hawa.

Ƙalubale mafi nauyi ga matsayata yana zuwa ne daga Italiya. Malossi, da aka kafa a yankin Bolonya a 1930, da Polini na kusa da Bergamo, ba 'yan damfara ba ne; sun shafe shekaru suna gwada kayansu a filin tsere, kuma bariyetarsu tana da gangara da aka sake zanawa don riƙe juyin injin a wuri guda fiye da ta kamfani. Haka Dr. Pulley na Taiwan, mai yin rololi masu kusurwa da ke zamewa maimakon mirginawa. Masu goyon bayansu suna da hujja cewa kamfanin babur ba don gudu kaɗai yake daidaita kaya ba: yana neman ƙarancin hayaƙi da ƙara da shan mai, don haka yakan riƙe injin ƙasa da inda ya fi ƙarfi. Akwai ma misali ƙarara. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade wa ƙananan babura masu 50 gudun kilomita 45 a awa, kuma hanya ɗaya da kamfanoni ke bi su cika dokar ita ce sa wani zobe tsakanin farantan bariyeta don hana su haɗuwa gaba ɗaya. A cire zoben, gudu ya ƙaru nan take, ko da yake a can yin haka yana fitar da babur daga ajin lasisinsa da inshorarsa. Na yarda da wannan duka, amma a lura cewa yana tabbatar da maganar ne ba rushe ta ba. Zoben bai rage wa injin ƙarfi ba, ƙofa ya rufe. Cire shi buɗe ƙofa ne. Bariyetar tsere ita ma ba ta ƙara doki ko ɗaya ba, ta zaɓi wani wuri dabam ne na kashe dokin da ke akwai. Inda ta zama dole shi ne inda aka riga aka sauya injin kansa, misali aka sa babbar silinda ko salansar tsere a injin mai bugu biyu, wurin da ƙarfi yake ya matsa sama, dole giya ta bi shi.

Sauran kayan da ake tallatawa a buhu ɗaya sun fi buƙatar taka-tsantsan. Babban sifirin mai tauri yana hana bel zamewa a injin da aka ƙara wa ƙarfi, amma a injin da ba a taɓa ba matse bel kawai yake yi fiye da kima, ya ƙara zafi da gogayya. Ƙananan sifirin kuloci masu tauri suna jinkirta kamawa har juyi ya yi sama, abin da ke da amfani a layin tsere, amma a cunkoson kasuwa yana sa babur zabura a inda ake son lallaɓawa. Bel mai zaren aramid, wanda aka fi sani da sunan Kevlar, ya fi jure ja, amma injin mai doki tara ko goma bai kai ya gajiyar da bel ɗin kamfani mai kyau ba.

Wanda ya duba duk wannan ya ga har yanzu yana son sauyi, saboda yana zaune a gari mai tuddai ko kullum da kaya yake tafiya, yana da hanya mai ma'ana. Ya fara da maido da komai yadda kamfani ya yi: bel mai lambar da ta dace, an sa shi kibiyarsa na kallon inda yake juyawa, rololi sababbi, faranti a wanke a bushe babu ɗigon mai, matatar iskar akwatin a tsabtace, giris mai jure zafi a ramukan fulin baya kaɗai, man ƙaramar giyar taya a sauya. Sannan ya sami na'urar ƙirga juyin injin, ya zaɓi hanya ɗaya, ya rubuta juyi da lokaci. Daga nan ya sauya abu ɗaya tak, nauyin rola da giram ɗaya ko rabi, ya sake aunawa a hanyar nan da nauyin nan. Wanda ya sauya bariyeta da sifirin da kuloci rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Aikin hannu shi ma yana iya rushe kaya mafi tsada. Notin da ke riƙe bariyeta yana da ƙa'idar ɗauri, kimanin 50 zuwa 60 a ma'aunin Niyuton-mita ga injinan 125 da 150, kuma akwai ƙarfen riƙe fuli da aka yi don wannan aiki. Makaniken da ke cusa sukudireba tsakanin fuka-fukai yana dukan sifana da guduma yana karya farfelar da ke sanyaya bel. Kafin a ɗaure, sai an matse fulin baya bel ya nutse a cikinsa ya saki a gaba, in ba haka ba noti zai cije bel maimakon ƙarfe, a ji kamar ya ɗauru, bayan 'yan kilomitoci ya kwance. Farantin waje dole ya zauna daidai a kan haƙoran sandar injin, domin in suka cinye, gyaran ya tashi daga sayen bel ya koma farke injin gaba ɗaya. Babban notin kuloci kuwa sifirin ne a matse a ƙarƙashinsa, wanda ya kwance shi ba tare da ya danne ba zai iya karɓar kuloci a fuska. Shi ya sa mai babur ya fi dacewa ya tsaya a gaban makanike lokacin da aka buɗe murfin, ya nemi a auna masa faɗin tsohon bel da ma'auni a gabansa, ya riƙe rololin a tafin hannu ya juya su ɗaya bayan ɗaya, sannan a rubuta kilomitar da aka yi aikin a cikin murfin kujera.